Tambaya da Amsa: Na Samu Gurbin Mastas a Zariya, a Ina Zan Sauka?

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan Zariya suka taru, masu shirin fara digiri na biyu da na uku a Jami'ar Ahmadu Bello, don haka na tsamo guda huɗu da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a Gusau, Allah ya sa na samu admishan ɗin mastas a fannin noma, Samaru. Ban taɓa kwana a Zariya ba sai dai wucewa a mota. Wani ejan ya turo min hotunan ɗaki ta WhatsApp, ya ce in tura kuɗin shekara kafin wani ya riga ni. Don Allah in tura ko in nemi hostel? Kuma wace unguwa ce ta fi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a karatun. Kar ka tura ko sisi. Ba wai na ce mutumin macuci ba ne, wataƙila ɗakin na nan yadda ya ɗauko shi, amma hoto ba ya nuna maka ko rijiyar gidan tana ƙafewa, ba ya nuna maka ko tiransifomar layin ta yi wata nawa a ƙone, kuma ba ya nuna maka cewa bayan tagar akwai injin markaɗe da yake tashi tun asuba. Gani ya kori ji. Daga Gusau ai hanya ɗaya ce, ka biyo ta Tsafe, Funtuwa, Giwa, Shika, kafin ma ka shiga cikin gari Samaru, inda babbar harabar jami'ar take, ita ce za ta fara tarbarka, toh ka zo da ƙafarka ka kwana biyu wajen wani ɗan garinku, don ba za ka rasa ƙungiyar ɗaliban Zamfara a makarantar ba, su ne ma za su nuna maka gidajen da na gaba suke shirin tashi.

Maganar hostel, ka nema tun ranar da ka gama rijista, akwai ɓangaren da aka ware wa 'yan karatun gaba da digiri, kuma in ka samu gaskiya ya fi maka ta wajen tsaro da kusanci da laburare da ɗakin gwaji, sai dai gadajen ba su kai yawan masu nema ba, shi ya sa kar ka zauna jiransa kawai. Ka nemi biyun a tare.

In waje za ka zauna, kai da yake noma kake karanta harkarka duk tana wajen IAR ne, wato cibiyar binciken aikin gona ta jami'ar, da gonakin gwaji, wurin nan tun 1922 ake binciken noma a cikinsa, ya girmi jami'ar kanta da aka buɗe a 1962, ka ga kenan duk inda za ka kama ɗaki ka auna shi da nisan can, ba da nisan babbar ƙofa kawai ba. Cikin Samaru layukan da ke fuskantar get ɗin jami'ar sun fi tsada kuma sun fi hayaniya, amma da ƙafa za ka riƙa shiga, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi ba wasa ba. Hayin Dogo, tsallaken layin jirgi, ya fi sauƙin haya, ga iyalai ga kasuwa kusa, amma ka duba hanyar gidan da idon damina, wasu lungunan in ruwa ya sauka a Agusta ɗan acaba ma sai ya ce maka sauka ka ƙarasa. Bomo akwai shiru, mai son rubutu zai ji daɗinta. Zango da Palladan sun ɗan matsa ta hanyar Kwangila, can sai ka hau bas ko keke kullum, masu mota da masu iyali suka fi son wajen.

Amma ni abin da nake fara tambaya a gidan haya a Zariya ruwa ne, kafin fenti kafin tayil. Garin nan ya daɗe yana fama da ruwan famfo, yawancin gidaje rijiya ce ko bohol ko 'yan garuwa, kuma rijiyar da ka gani cike a Oktoba ba ita za ka gani a Maris da Afrilu ba. Kar ka tambayi ejan, shi kamasho yake nema. Ka tambayi mai shagon bakin layi ko wata tsohuwa a maƙwabta, ka ce Baba lokacin zafi a ina kuke ɗebo ruwa, amsar da za ta ba ka ita ce gaskiyar gidan. In bohol ne ka ji waye ke sayen man janareta in ba wuta, maigida ko karo-karo ake yi. Wuta ma haka, mita ɗaya ce ta gidan gaba ɗaya ko kowa da tasa, don mafi yawan faɗan gidan haya na ɗalibai daga nan yake farawa, wani ya sa hita wani ya sa rishon lantarki a ce kowa ya biya daidai. Kuma ranar biya ka ga maigidan ko wakilinsa ido da ido, a rubuta takarda da shaida, a ba ka rasit, a rubuta ranar da shekararka ta fara. Sannan ka leƙa masallacin layin ka gaisa da liman da mai unguwa, ka ce ga baƙo ya zo karatu, wallahi wannan gaisuwar ta minti biyar tana aikin da kwaɗon ƙofa ba ya yi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni matar aure ce daga Katsina, yarana biyu, ƙaramar tana shan nono. Zan yi mastas a fannin shari'a. Yayar maigidana tana zaune a Samaru ta ce in zo in zauna a gidanta kyauta, shi kuma ya ce shikenan an huta da haya. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Me ka gani?

AMSA: Ƙanwata, kafin ma a zo maganar dangin miji, akwai abin da nake jin ku duka ba ku lura da shi ba. Tsangayar shari'a ba a Samaru take ba, a Kongo take, ɗaya harabar jami'ar, kuma tsakanin Samaru da Kongo ya haura kilomita 10, sai kin ratsa Zango, Palladan, Kwangila, ki zo PZ, sau da yawa ki sake wata motar zuwa wajen Tudun Wada. Mutane daga nesa suna ɗaukar Zariya gari ɗaya ne dunƙule, alhali Samaru daban, Sabon Gari daban, Tudun Wada da Kongo daban, birni cikin ganuwa daban, asibitin koyarwa kuma yana can Shika ta hanyar Funtuwa. Ki lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa sau huɗu ko biyar a sati, ki ɗora da goyo a baya da lakcar da aka ce ƙarfe 8 malamin ya ɗaga ta zuwa la'asar, za ki ga kyautar nan ba kyauta ba ce gaba ɗaya.

Ki kai wa maigidan lissafin a takarda, ba ƙorafi ba, maza sun fi jin lissafi. In hali ya yi, ciki da falo a Gyallesu ko Tudun Wada ko nan kewayen Kongo ya fi miki, unguwanni ne na iyali, ga islamiyya ga makarantun yara, ki taho da wata yarinya ko dattijuwa daga gida da za ta riƙe miki su in kina aji. In kuma hali bai yi ba sai gidan yayar, toh ki shiga da shirinki, zo mu zauna zo mu saɓa ne, ki taho da buhun shinkafarki da manki ko da ta ce kar ki kawo, ki faɗa mata jadawalinki tun farko don kar a ga kin shige ɗaki da kwamfuta a ce girman kai ne, kuma ki sa wa zaman iyaka, misali zangon farko kawai kafin ki gane gari. Ita ma ki riƙa ce mata Yaya ga abin da ake ciki, kar ta ji labarin tashinki a bakin wani.

Abu ɗaya da mata masu goyo suke mantawa, katin asibiti. Ki yi rijistar asibitin makaranta da wuri, yaran kuma ki buɗe musu kati a asibiti mafi kusa da inda kika sauka tun suna lafiya, ki taho da katin rigakafin ƙaramar, kar sai zazzaɓi ya tashi da tsakar dare ki fara tambayar hanya.

TAMBAYA: Malam ni ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, zan fara digirin digirgir a tarihi. Niyyata in riƙa zuwa ina dawowa tunda ba nisa, in gama a shekara uku. Abokaina suna ta tsorata ni wai sufabaiza zai riƙe ni shekara bakwai. Gaskiya ne?

AMSA: Yallaɓai, Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, mutane da yawa suna yin jeka-ka-dawo kuma suna gamawa, amma shekarar farko ta kwasa-kwasai da semina ka samu wajen kwana ko da katifa ce a ɗakin aboki, kar ka mai da tafiyar dare al'ada a kan hanyar nan. Kuma ka karɓi takardar izinin karatu daga ofishinku a rubuce, ba oga ya ce jeka ba komai ba, oga ana canza shi.

Shekara uku a takarda mai yiwuwa ne, amma ka bar wa lissafinka sarari, don akwai abin da ba ya hannunka ba ya hannun malaminka. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci wajen wata 9, na 2022 ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, waɗanda suka kama haya a lokacin haka suka biya kuɗin ɗakin da ba su kwana ciki ba. Waɗanda suka ci riba su ne suka yi amfani da watannin suka tattara bayanansu suka yi rubutu.

Maganar sufabaiza kuwa, akwai masu wahalarwa, ba na musu, amma in ka bi diddigin yawancin labaran shekara bakwai ɗin nan za ka tarar ɗalibin ne ya ɓace, ya kai babi na ɗaya aka yi masa gyara da jan biro ya ji haushi ko aiki ya sha kansa, ya yi wata takwas ba a gan shi ba, ranar da ya dawo malamin ya manta ma me ake ciki, ga ɗalibai goma sha a kansa. Toh kai ka zama wanda ake gani. Ranar farko ka tambaye shi, ranka ya daɗe wace rana ce ta fi maka in riƙa zuwa, kuma a takarda kake son aikin ko ta imel, da yawa daga cikin manya har yanzu bugagge suke so. Kar ka kira shi da daddare, ka tura saƙo ka faɗi sunanka da matakinka. In ya yi gyara ka dawo da tsohon kwafin tare da sabon, ya ga ka bi abin da ya ce. Kuma duk haɗuwa ka rubuta kwanan wata da abin da aka tsayar a ɗan littafi, wata rana zai yi maka amfani.

Sannan kar ka raina sakataren sashe da masinja da jami'in da ke kula da 'yan karatun gaba da digiri, su suka san ranar da za a zauna semina, su suka san fayil ɗin waye ya maƙale a ina, gaisuwa da mutunci kawai suke so. Ka shiga gurup ɗin ajinku, ka riƙa zuwa difens ɗin wasu, wato zaman da ɗalibi yake kare bincikensa a gaban malamai, ka zauna a baya ka ji irin tambayoyin da ake yi, nan za ka koyi abin da ba a koyarwa a aji.

Kai ma fa da sa'arka, mai tarihi da ke zaune a Kaduna. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, cibiyar binciken tarihi ce ta ita jami'ar tun 1970, ga kuma ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa reshen Kaduna inda fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa suke, abokan karatunka sai sun biya mota sun zo, kai kuwa kana iya leƙawa bayan ka tashi aiki ko lokacin hutu. A Samaru kuma Laburaren Kashim Ibrahim ka nemi ɓangaren kundayen da aka rubuta a baya, ka ga me aka riga aka yi a kan batunka kafin ka rubuta furofozal, wato takardar tsarin binciken da kake son yi. Aikinka kuma ka ajiye shi wuri uku, kwamfuta, filasha, ka kuma tura wa kanka ta imel duk sati, ana sace kwamfuta a mota kuma tana mutuwa ba sallama.

TAMBAYA: Malam a taƙaice, ni daga Sakkwato zan taho, wai da gaske ne sanyin Zariya sai da bargo biyu? Kuma kayan abinci in saya a gida ko a can?

AMSA: Da gaske ne ɗana, Disamba da Janairu hunturun Samaru da asuba ba irin wanda ka saba ba ne, garin yana kan tudu, ka taho da bargo mai nauyi da rigar sanyi da man shafawa, bokiti da ɗan risho na ɗumama ruwan wanka kuma ka saya a nan. Damina ma ta fi taku tsawo da yawan ruwa, daga Mayu har Oktoba, don haka gidan sauro dole ne. Abinci kar ka wahalar da kanka da dakon masara, yankin nan gidanta ne, in kun haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku je kasuwar Giwa lokacin kaka ku auno masara da wake. Cefanen yau da kullum kasuwar Samaru ta isa, katifa da tukwane da kayan lantarki kuma Sabon Gari za ka shiga, ka tafi da wanda ya san gari ya taya maka ciniki. Abin da za ka ɗauko daga gida albasa ce da shinkafar gida in kuna nomawa, sai kilishi na rabon maƙwabta ranar da ka sauka.