Wane Babur Za a Goya a Bayan Mota Mai Ɗaki?

Jiya muna kwance ƙarfen bayan motar baƙon nan ka tambaye ni: "Maigida, mutumin da ya iya gina ɗaki sukutum a kan babbar mota, da gado da kicin da banɗaki, ya taso tun daga Turai zai ratsa Afirka, don me za mu ce ya goya ɗan ƙaramin babur irin na 'yan acaɓa? Ai babba ne ya dace da shi." Ƙarar injin walda ba ta bar ni na ba ka amsa ba. Jawo benci ka zauna, ɗana.

Fara da tambayar kanka aikin da babur ɗin zai yi. Motar ita ce gidan mutumin, ita ce kuma abin tafiyarsa. In ya sami wurin sauka ya kafa rumfa, ya shanya kaya, ba zai so ya naɗe komai ba don kawai zai shiga gari sayen tumatir da burodi. Lungunan kasuwa ma ba sa ɗaukar mota mai tan bakwai. Sai kuma ranar da ba a fata: mota ta kafe a yashi ko wani ƙarfe ya karye a daji, gari mafi kusa yana da nisan kilomita arba'in. Ran nan babur shi ne ɗan aike, shi zai je ya ɗauko makanike ko ya nemo motar ja. Duk wannan aikin jaki ne. Wanda ya sayi ingarman doki don ɗiban ruwa, dawainiya ya saya wa kansa.

Yanzu ɗauko alli, zo nan ƙasa in nuna maka abin da yawancin masu walda ba sa lissafawa. Zana tayar gaba, zana tayar baya, ka ce tsakaninsu mita huɗu. Babur zai zauna a can ƙarshen mota, mita biyu bayan tayar baya. Ka tuna yadda muke ɗaga injin da doguwar sanda, mu sa dutse a ƙarƙashinta? Tayar baya ita ce dutsen. Duk abin da ka rataya a bayanta yana danne ta, yana kuma ɗaga kan mota. A ce babur kilo 120 ne, ƙarfen da za mu ƙera masa kilo 60, an sami 180. Da yake nisansa rabin tsakanin tayoyin ne, gaba zai rasa kilo 90, wannan 90 ɗin kuma ba ɓacewa zai yi ba, baya zai koma. Tayoyin baya sun ɗauki 270 ke nan. To ɗora babban da kake sha'awa. BMW R1250GS kilo 249 ne da mai a tanki, kuma dole ƙarfensa ya fi kauri, mu ce kilo 90. An sami kusan 340. Gaba ya rasa 170, baya ya ɗauki 510. Rabin tan, saboda babur ɗaya! Sitiyari zai yi sakayau a hannu, birkin gaba ya rage kamu, fitilu su riƙa haska saman bishiya, sifirin baya kuma ya kwanta.

Wannan lissafin ma na motar da ke tsaye ne a gareji. A kan gargada, ko in taya ta faɗa rami, nauyin yana ninkuwa, yana dukan ƙarfen kamar guduma, dubban sau a wuni. Shi ya sa kafin mu yanka ko faif ɗaya nake tura mai mota ya hau sikelin manyan motoci da tankunansa cike, ruwa da mai da kayan abinci duka a ciki, a auna gaba daban, baya daban. Akwai ɗan farantin ƙarfe da kamfani ke maƙalawa a jikin mota, an rubuta iyakar abin da kowane aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayar dama da ta hagu, zai ɗauka. Abin da ya saura tsakanin awon sikeli da rubutun farantin, shi ne kuɗin cefanenmu, ba mu da ikon wuce shi. Masu ƙananan motocin ma sun fi shiga matsi, don a Turai lasisin mota na gama-gari bai wuce kilo 3,500 ba, kuma da yawansu sun riga sun cinye wannan tun kafin a zo maganar babur.

Ni a wurina, iyakar nauyin babur ita ce kilo 130. In an matsa, 145, kuma sai a babbar mota mai winci. Dalili na biyu bayan aksil shi ne bayan mutum. Ƙarfen goyon yakan kai tsayin ƙugu ko ƙirji a irin waɗannan motoci, don in ka sauke shi ƙasa sosai, gindin mota zai daki ƙasa duk lokacin da ta fito daga kwari. Wa zai hau da babur can? Mutum ɗaya, wataƙila ɗan shekara sittin, da matarsa tana riƙe masa. Babur ɗin da saukar da shi ke cin rabin sa'a da gumi, bayan mako biyu an daina sauke shi. Na ga irinsu sun iso nan, ƙura ta yi musu bargo, batir ya mutu, taya ta sace, an yi wata uku ana yawo da su a banza.

Bari mu bi su ɗaya-ɗaya, waɗanda baƙi suka fi zuwa da su. Honda CT125, wanda aka fito da shi a 2020, nauyinsa wajen kilo 120, ba shi da hannun kuloci, giya kawai kake takawa, don haka ko wanda bai ƙware ba zai tuƙa shi. Yana da faffaɗan wurin ɗaura kaya a baya, ba ya shan mai. Sai dai da mutum biyu a kai, in aka zo hawa, sai haƙuri. Yamaha TW200 kilo 126 ne, tun 1987 ake yin sa kusan ba a sauya masa komai ba, yana da tayoyi masu faɗi da ke tafiya a kan yashi kamar tafin raƙumi. Ina son sa ƙwarai, amma tayar bayansa inci 14 ce mai kauri, in ta yage a ƙauye, mai faci zai dube ka ne kawai. Sai ka goya wata, ga wani nauyin. Honda CRF300L shi ne babur na sosai a cikinsu, kilo 142, zai bi duk hanyar da motar ta bi har ya wuce, amma tsayin sirdinsa ya kai santimita 88, gajere sai ya nemi dutse kafin ya sauke ƙafa. Su Honda Grom kuwa, kilo ɗari da 'yan kai, ɗagawa ba wuya, amma tayar inci 12 ta kwalta ce, rami kaɗan zai haɗiye ta.

Akwai wani da matasa ke mutuwar so, Yamaha Ténéré 700. Sunan hamadar Tenere ta ƙasar Nijar ya ci, can gabas da Agadas. Kyakkyawan babur ne, amma ya haura kilo 200. Wannan hawansa ake yi a ratsa sahara, ba a goya shi.

In baƙo ya ce ni zan zaɓar masa, kuma tafiyarsa a ƙasashenmu ce, nakan ce ya dubi abin da 'yan acaɓa ke hawa, Bajaj Boxer ko TVS ko Honda Ace mai 125. Sai su yi dariya, su ɗauka wasa nake yi. Amma nauyinsu yana cikin iyakar da na faɗa maka, suna ɗaukar mutum biyu da buhu, kafireto gare su wanda yaro zai kwance ya wanke a gindin bishiya in an sha gurɓataccen fetur, kuma daga nan har Kamaru da Chadi da wuya ka shiga garin da babu fulogi da sarƙa da tif ɗinsu. Ba sa jan ido, in an faka a bakin kasuwa babu mai waiwaye. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Masu lantarki kuma, irin su Sur-Ron, wajen kilo 50 ne kawai, abin sha'awa, har a cikin ɗaki ana iya sa su. Don zuwa cefane sun wadatar. Don neman taimako a nesa, ni ban yarda da abin da ba zan iya ƙara masa mai daga galan ba.

Ka tuna masa abu biyu da ba na ƙarfe ba. Motarsa gas take sha, wato dizal, babur fetur, don haka yana bukatar galan na daban, a ɗaure a waje, nesa da salansa da murhun girki. Sannan a kowace iyaka, babur abin hawa ne mai zaman kansa a idon kwastan: takardunsa daban, lambarsa daban, inshorarsa daban.

Saura namu aikin. Ƙarfen goyo a jikin shasi ake ɗaure shi da noti, ba a jikin ɗakin ba. Shasin babbar mota murɗawa yake yi a hanya mara kyau, haka aka yi shi, ɗakin kuma a tsaye yake ƙyam. Ina saurayi na taɓa haɗa su biyun da walda ɗaya, don na ga ya fi kyau a ido. Mai motar bai yi kwana goma ba ya dawo, waldar ta tsage, bangon ɗakin ya buɗe baki, babur yana reto a kan igiya guda. Maigidana bai ce mini komai ba, ya miƙo mini abin yanka, na kwana biyu ina warware aikina. Kada kuma ka yi walda ko ka huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa. Ka nemi ramukan da kamfani ya bari a gefe. Ka yi wa tayar gaba kwarin da za ta shige ta zauna daram, ɗauri huɗu, a ja har shokazoba ta ɗan nutse, kada a danne ta har ƙasa, in ba haka ba za ta fara zubar da mai. In babur ya rufe lamba da fitilun baya, sai mu ja waya mu maido su kan ƙarfen.

Gobe da safe ka ɗauki tef ka auno mini tsakanin tayoyin motar nan, da kuma daga tsakiyar tayar baya zuwa ƙarshen shasi. Ka karɓo takardar sikeli a hannun baƙon. Kai za ka yi lissafin da alli, ni in duba.