Tambaya da Amsa: 'Yata Ba Ta Gani, Za Ta Iya Karatun Jami'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da 'ya mai shekara 19 wadda ta rasa ganinta tun tana ƙarama. Ta yi karatu a makarantar masu buƙata ta musamman, ta kammala sakandare da sakamako mai kyau, kuma burinta ta karanci aikin lauya. 'Yan'uwana suna cewa in bar ta a gida ko in yi mata aure, wai jami'a ba wurin makafi ba ce. Ni kuma zuciyata ba ta yarda ba, sai dai ban san ta inda zan fara ba. Ina neman shawara. Daga wani uba a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya, ya kuma yi wa yarinyar albarka. A gaya wa 'yan'uwa, cikin ladabi, cewa makafi sun daɗe suna shiga jami'o'in ƙasar nan suna fita da digiri, kuma karatun makafi ba baƙon abu ba ne a Arewa, domin tun 1953 aka buɗe makarantarsu ta Gindiri da ke jihar Filato.

Maganar shiga ta yi sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da da. Tun 2017 hukumar JAMB, a ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamiti na musamman da Farfesa Peter Okebukola ke jagoranta, wanda ke shirya wa makafi jarrabawarsu daban a wasu cibiyoyi da aka keɓe, ciki har da ta Kano. Ɗaliba na iya zaɓar a ba ta tambayoyin da rubutun makafi na Braille, ko kuma a karanta mata su da baki. Abin da ya rage gare ku shi ne ku tabbatar an rubuta larurarta a fom tun ranar rajista, domin idan mai cika fom ya tsallake wannan gurbi cikin gaggawa, to za a tura ta cibiyar kwamfuta irin ta kowa da kowa, inda ba a yi wa irinta tanadi ba.

Doka ma tana bayanku. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta tanadi tarar Naira miliyan 1 ga hukuma ko kamfanin da ya saɓa, shi kuma mutum ɗaya tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Dokar ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuma ya cika tun farkon 2024, ko da yake duk wanda ya zaga harabar makarantunmu ya san aikin da sauran tafiya. Sai dai ka sani, karatun kyauta da dokar ta ambata ya tsaya ne a sakandare, don haka kuɗin jami'a yana wuyanka.

Inda nake so ka fi mai da hankali, Malam, shi ne bayan an sami gurbin, domin a nan ne ainihin wahalar take. Karatun jami'a a wurinmu ya dogara ne a kan takardun darasi da malamai ke rabawa, kuma akasari wakilin aji ne ke ɗaukar hotonsu da waya ya tura wa 'yan ajin ta WhatsApp. Mai gani zai buɗe ya karanta. Ita kuwa 'yarka, manhajar da ke karanta mata rubutu da murya za ta iso kan shafin ta yi shiru, saboda a wurinta hoto ne kawai, babu harafi ko ɗaya a ciki, alhali da malamin ya ba da ainihin rubutun yadda ya buga shi a kwamfuta, da ta saurare shi tun daga farko har ƙarshe ba tare da ta roƙi kowa ba. Wannan ƙaramin abu, wanda ba ya cin ko sisi, shi ne ya fi yawan jefa ɗalibai makafi a baya, kuma galibin malaman ba mugunta ce ta sa su ba, babu dai wanda ya taɓa yi musu bayani.

Saboda haka kafin a koma makaranta, ta iya sarrafa kwamfuta da kyau. Cikin manhajojin da ke karanta rubutu da murya akwai NVDA da ake saukewa kyauta, akwai JAWS ta kuɗi, wayoyin Android kuma suna zuwa da TalkBack a cikinsu. Braille yana da amfaninsa, amma littattafan shari'a manya ne, ba za a iya mayar mata da su duka zuwa gare shi ba. A haɗa mata da ƙaramin rikoda na ɗaukar lacca, ta riƙa neman izinin malami kafin ta kunna.

Sannan ku je tare wurin shugaban sashe da ofishin kula da harkokin ɗalibai, da takarda a rubuce, ku nemi a fayyace yadda za ta rubuta jarrabawa: da kwamfuta ne ko da wanda zai rubuta mata, wa zai zaɓo shi, kuma ƙarin lokaci nawa za a ba ta. Alkawarin baki ba ya aiki a ranar jarrabawa, lokacin da mai tsaron ɗaki bai san da zancen ba. Ku nemi ɗakin kwana a ƙasan bene, kusa da banɗaki, kuma a sami kwana biyu ko uku wani ya zaga da ita da sandarta daga ɗakin zuwa ajin lacca da masallaci da wurin cin abinci, har ta haddace inda kwata take a buɗe.

Wajen zaɓen makaranta, ku fifita wadda ta saba da irin waɗannan ɗalibai. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos duk suna da sashen nazarin ilimin masu buƙata ta musamman, sannan akwai kwalejin ilimi ta tarayya da ke Oyo wadda aka kafa domin wannan fanni. Amma kada wani ya tursasa mata karantar wannan fannin don kawai ba ta gani. Tunda lauya take so, a sa shi a matsayin zaɓin farko a fom. Idan aka hana ta wani haƙƙi saboda larurarta, ku kai ƙorafi a rubuce ga Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa da ke Abuja, wadda ta fara aiki a 2020, ku kuma ajiye kwafin kowace takarda da kuka miƙa.