Amsa: shin da hannun kamfanoni a binciken aspartame?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne masu sayar da zaƙin roba, irin wanda ake sa wa lemon "babu sukari", suna juya akalar bincike. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ba kamar yadda ake yaɗawa a WhatsApp ba.

Kamfanin Searle na Amurka ne ya gano aspartame, ɗaya daga cikin irin wannan zaƙin roba, a 1965. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta amince da shi a 1974, sai ta dakatar saboda shakku kan ingancin gwaje-gwajen da kamfanin da kansa ya yi wa dabbobi. A 1980 kwamitin masana ya ce a dakata tukuna, amma a 1981 sabon shugaban hukumar, Arthur Hayes, ya ba da izini. Shugaban Searle a lokacin kuwa Donald Rumsfeld ne, tsohon ministan tsaro, mai faɗa a ji. Wannan bai tabbatar da maguɗi ba, sai dai ni kam yana sa ni ɗaga gira.

Su ma masu sukari ba kanwar lasa ba ne; a shekarun 1960 sun biya masanan jami'ar Harvard kuɗi aka ɗora wa kitse laifin ciwon zuciya.

Game da lafiyarka kuwa, a Yulin 2023 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa aspartame cikin abubuwan da "wataƙila" ke kawo kansa, bisa hujja mai rauni. Wani kwamitin kuma ya bar ƙa'idar yadda take: miligiram 40 kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 sai ya wuce gwangwani tara zuwa goma sha huɗu na lemon a rana kafin ya ƙetare ta.