Kwafe Tsofaffin Kaset Zuwa Kwamfuta: Me Ya Kamata a Saya?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar kaset masu yawa da ya naɗi karatun da yake bai wa almajirai. Shin in sayi ƙaramar na'urar nan mai kunna kaset da ake haɗawa da kwamfuta ta USB domin kwafe su, ko tsohuwar rakodarsa za ta wadatar? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan Malam. Shawarata, Malama, ki fara duba rakodar kafin ki kashe ko sisi, domin ingancin sautin ya dogara ne da injin da ke juya kaset ɗin. Zaren kaset yana tafiya da gudun santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma yawancin ƙananan na'urorin masu araha ba sa riƙe wannan gudu daidai, shi ya sa murya kan yi rawa. Idan bel ɗin rakodar ya saki, mai gyaran rediyo zai canza shi. Ki goge kan da ke karanta zaren da robar da ke jansa da auduga da ɗan sifirit, sannan ki gwada da kaset ɗin da ba za ki yi takaicin rasa shi ba. Ki kuma ɓalle 'yan harsunan da ke saman kaset ɗin Malam, don kada a danna jan maɓalli bisa kuskure a shafe karatun.

Abin da ya cancanci kuɗinki shi ne ɗan akwatin sauti mai shiga ta USB, irin Behringer UCA202, wanda ke karɓar sauti daga rakoda ya kai shi kwamfuta, da wayar haɗawa. Manhajar Audacity, wadda za ki yi naɗin da ita a kwamfuta, kyauta ce. Ki saita ingancin naɗin a kan 44,100 Hz, ki adana a WAV, wato tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, daga baya ki fitar da MP3 domin raba wa dangi.

Tambaya: Na haɗa rakoda da laftof, amma murya tana fashewa, ga kuma ƙugi a ƙasa. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, alamu sun nuna ta ramin makirfo ka shigar da wayar. An yi wannan rami ne domin sauti mai rauni, saboda haka abin da rakoda ke turowa ya fi ƙarfinsa. Ka rage ƙarar rakodar har ma'aunin ƙarfin sauti na Audacity ya tsaya wajen -6 dB, ka sake naɗa tun daga farko, domin muryar da ta riga ta fashe manhaja ba ta iya gyara ta yadda ya kamata.

Shi kuwa ƙugin yawanci daga wutar lantarki yake, wadda a Nijar da Nijeriya take kan 50 Hz, wato tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ka cire cajar laftof, ka sanya wa rakodar batir, ka nesanta wayar sauti daga wayoyin wuta. Idan ƙugin bai ɗauke ba, ka gwada wata wayar haɗawa.