Tambaya da Amsa: Gyaran Tsohon Gidan 'Yar Tsana na Katako

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Birnin Kebbi. Na sayi gidan 'yar tsana na katako mai hawa biyu a wurin wani mai kayan gwanjo, wanda ya ce a cikin kayan da aka shigo da su ta Kwatano ya same shi. Rufinsa ya ɓalle ta gefe ɗaya, fentinsa yana ɓarewa, takardar da aka liƙa wa bangon ɗakunan kuma ta yi dauɗa. Niyyata in sa kafinta ya goge shi da sanfefa, ya yi masa sabon fenti, in ba 'yata mai shekara huɗu. Ko akwai abin da ya kamata in sani?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ina roƙonki da ki dakatar da kafintan nan tukuna, domin gugar sanfefar da kike shirin yi ita ce aiki mafi haɗari da za a iya yi wa tsohon fenti. A da can ana zuba dalma a cikin fenti don ya yi saurin bushewa kuma ya daɗe, kuma a Amurka sai a shekarar 1978 aka haramta irinsa a gidaje da kayan wasan yara. Muddin ba ki san shekarun gidan nan ba, ki ɗauka akwai dalma a jikinsa. Fentin da ke manne da katako bai kai wanda aka mayar ƙura illa ba, saboda ƙurar takan sauka a tabarma da hannun yaro, daga nan ta wuce baki. Mu a wannan yanki ba sai an yi mana dogon bayani ba: a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, kuma ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce ta kai musu ita. Abin da ke jikin gidan wasa bai kai wannan yawa ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a kira marar lahani. Ana sayar da 'yan sandunan gwaji a intanet waɗanda kansu ke sauya launi idan sun taɓa dalma. Kafin ki gwada, kada yarinyar ta yi wasa da shi. Kafinta ya haɗa mata sabo da guntayen katako, wannan kuwa ya zama naki na ajiya.

Dalili na biyu na dakatar da kafintan shi ne, masu tara irin waɗannan gidaje sun fi daraja fenti da takardar asali, ko da sun koɗe, a kan sabon fenti mai ƙyalli. Ki juya gidan ki duba bayansa da ƙarƙashinsa. Idan kin ga tambari mai kusurwa uku da sunan Tri-ang, na kamfanin Lines Brothers ne na Ingila, wanda ya durƙushe a 1971. Idan sunan Lundby kika gani, na wani kamfanin Suwidin ne. Kada a kankare tambarin, domin shi ne shaidar asalin gidan.

Wajen tsaftacewa, ki fara da busasshen buroshi mai laushi a waje, yara ba sa kusa. Katakon da fentinsa bai tashi ba, ki shafe shi da tsumma mai ɗan danshi, amma kada ruwa ya taɓa takardar bangon. Rufin kuwa, a kankare tsohon gam daga gaɓar, tunda sabo ba ya kama a kansa. Yawancin tsofaffin gidaje da gam na fatar dabba aka haɗa su, wanda ruwan ɗumi kaɗan ke sassautawa. A shafa farin gam na kafintoci, a ɗaure da robar tsohon tub na keke, a bar shi ya kwana. Ƙusa takan tsaga siririn katako, don haka a guje ta. Tsagar da ta buɗe da hunturu kada a yi gaggawar cike ta da abu mai tauri, domin katako yakan tsuke a lokacin bushewar iska ya kumbura da damina, kuma sau da yawa tsagar kan rufe da kanta a watan Agusta.

TAMBAYA: Ina da irin wannan gida guda biyu a Gusau. Kullum na share sai in ga wani gari mai laushi a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu, ga kuma 'yan ƙananan huji a ƙafarsa. Gara ce?

AMSA: Ba gara ba ce, Malam, domin gara takan yi hanyar ƙasa ta bi. Wannan aikin tsutsar ƙwaron da ke cin katako daga ciki ne, kuma sabon gari alama ce cewa tana raye. Ka raba shi da ɗan'uwansa da sauran kayan katako yau ɗin nan. Gidajen adana kayan tarihi sukan nannaɗe abin a leda, su rufe ruf, su saka a firizar da sanyinta ya kai digiri 20 ƙasa da sifili na mako ɗaya zuwa biyu, sannan su bar shi ya huce a cikin ledar kafin su buɗe. Matsalar ita ce dabarar tana buƙatar wutar da ba ta yankewa, abin da kowa ya san halinsa a wurinmu. Idan ba ka da sola, ka sami maganin ƙwarin katako ka ɗura a kowane huji da sirinji, a fili, da safar hannu da takunkumi. Daga nan ka shimfiɗa baƙar takarda a ƙarƙashinsa na wasu makonni don ka ga ko garin ya daina zuba.

TAMBAYA: Ni kafinta ne a Argungu. Wata hajiya ta ba ni aikin ƙananan gadaje da kujeru na gidan 'yar tsanarta, na yi amma sun yi wa ɗakunan girma. Akwai ma'auni ne?

AMSA: Akwai, Malam, kuma ƙofa ce za ta nuna maka shi. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1:12, wato kowace ƙafa ɗaya ta gidan gaske ta zama inci ɗaya. A kansa aka gina shahararren gidan 'yar tsana na Sarauniya Mary, wanda mai zanen gine-gine Edwin Lutyens ya tsara tsakanin 1921 da 1924, mai ruwan famfo da lantarki, yana nan a fadar Windsor ta Ingila. Lundby kuwa sun fi amfani da 1:18. Tsayin ƙofar gida kusan mita biyu ne, saboda haka idan ƙofar gidan Hajiya ta kai santimita 17, ka raba awon kowane kaya na gaske gida 12. Idan santimita 11 ce, ka raba gida 18. Idan kuma 8 ce da ɗoriya, gida 24. Ka tuna kaurin katakon ma sai an rage shi daidai da haka, in ba haka ba ƙafar gado za ta fito kamar turmi. Ka fara yanka samfuri da kwali ka gwada a cikin ɗakin, kafin ka taɓa katako.