Tambaya da Amsa: Ruwan Tafkin Kifin Koi Ya Koma Kore

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Watanni uku ke nan da na gina ɗan tafki a lambun bayan gidana, mai cin ruwa lita 3,000, na zuba kifin koi, wato kifin ado mai launuka, guda 12. Yanzu ruwan ya koma kore shar, kuma da asuba nakan tarar kifayen sun taso sama suna buɗe baki. Sau biyu ina kwashe ruwan kakaf, in wanke matatar tas da ruwan famfo, amma ko mako ba a rufawa koren ke dawowa, har kifi biyu sun mutu. A ina kuskurena yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ina kyautata zaton ba koren ruwan ne ya kashe kifayenka ba, wankin da kake yi da kyakkyawar niyya ne ya fi cutar da su. Kifi yana fitar da amoniya ta kashinsa da kuma wajen numfashi, ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa ma yana ƙara ta, kuma guba ce ko da kaɗan ce. Abin da ke kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zaune a jikin soson matata da bangon tafkin. Wasu suna mayar da amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta da illa sosai, tsirrai ma suna sha a matsayin taki. Kafin waɗannan ƙwayoyi su kafu a sabon tafki sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Duk ranar da ka tara soson nan a bakin famfo ka murje shi har ya yi fari, kulorin da ke cikin ruwan yana kashe su, sai aikin ya koma farko, kifayen kuma su zauna cikin gubarsu.

Saboda haka, daga yau kada ka sake kwashe ruwan duka. Ka riƙa canja kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a kowane mako, bayan ka zuba wa sabon ruwan maganin cire kulorin. Soson kuwa, ɗebo ruwan tafkin a bokiti ka matse shi a ciki sau biyu ko uku, ka mayar da shi da sauran launin ƙasa-ƙasa da santsinsa, domin santsin nan shi ne abin da ake nema. Ka kuma mallaki kayan gwajin ruwa, domin amoniya da naitirait ba su da launi, ruwa yana iya yin garai-garai alhali yana ɗauke da su. Abin da ake so shi ne gwajin ya nuna sifili a duka biyun.

Tasowar da suke yi da asuba kuwa ƙarancin iskar oksijin ne. Koren da kake gani gansakuka ce ƙanana ƙwarai da ke yawo a ruwan. Da rana tana samar da oksijin, amma da dare tana shan sa tare da kifayen, shi ya sa gab da ketowar alfijir iskar ta fi yin ƙasa, kuma ruwa mai ɗumi bai kai mai sanyi riƙe ta ba. Kada ka kashe injin tura ruwa da dare, ka ƙara na'urar hura iska, sannan ka tabbata ruwan tafkin duka yana ratsa matatar a cikin awa ɗaya zuwa biyu. Fitilar UV, mai wani irin haske da ido ba ya gani, da ake haɗawa da bututun matata tana kashe wannan gansakuka, amma ba ta taɓa tushen matsalar.

Tushen, ka yi haƙuri da ni, shi ne kifayen sun yi wa tafkin yawa. Koi ɗan tsayin yatsa yana iya wuce santimita 60, ya kuma rayu fiye da shekara 25, kuma masu kiwonsa sukan ware wa kowane babba kimanin lita 1,000. Kimanin uku ne daidai da tafkinka. Ka rage su tun suna ƙanana, kuma ka ba su abin da za su cinye cikin minti biyar kawai, ka kwashe ragowar da raga.

Tambaya: Malam, na shuka bado a tafkina, amma kifayen sun tumɓuke shi sun cinye sabon tofo. Shin koi da tsirrai ba sa zama wuri ɗaya ne?

Amsa: Suna zama, Malama, amma sai da dabara. Manoman yankin Niigata na ƙasar Japan ne suka fara zaɓo masu launi daga cikin kifayen da suke kiwo tun farkon ƙarni na 19, daga nan koi ya samo asali, kuma duk da kyawun da ya samu, koi bai bar halin kakanninsa na tonon laka da baki ba. Ki shuka badon a kwando mai ƙasar yumɓu, ki rufe samansa da duwatsun da suka fi ƙarfin bakin kifin, domin ƙaramar tsakuwa tsotsa yake yi ya tofar. Ki kewaye shi da raga har ganyen ya kai saman ruwa, ki kuma nisanta shi da inda ruwa ke zubowa, saboda bado ya fi son ruwa kwantacce da hasken rana na kimanin awa shida. Idan ganyensa ya rufe kusan rabin fuskar tafkin, inuwarsa takan rage gansakuka, ta kuma ɓoye kifin daga idon zalɓe. Kainuwa ma tana shan naitiret sosai, sai dai ki killace ta a gefe guda don kada a cinye saiwarta, kuma idan ta yi yawa ki busar da ita, kada ki zubar a kogi ko rafi, domin saurin yaɗuwarta yana toshe hanyoyin ruwa.

Tambaya: An ba ni kyautar koi biyu. In zuba su cikin nawa kai tsaye?

Amsa: A'a, Malam. Ka ajiye su a wani mazubi dabam mai matatarsa na tsawon mako uku zuwa huɗu, kana lura da cin abincinsu da fatarsu, domin akwai KHV, wata cutar bairas mai kama koi da ba ta da magani, kuma kifin da ke ɗauke da ita yana iya zuwa da kamannin lafiyayye. Ranar haɗa su, ka sa su a leda da ruwan mazubinsu, ka bar ta ta yi yawo a saman tafkin na minti 20 har ɗumin ruwan ya daidaita, sannan ka ɗauke su da raga, ruwan ledar kuma ka zubar da shi a waje.