Amsa ga Hajiyar da ɗanta ya matsa mata a saya masa mota

Assalamu alaikum. Hajiya, tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai na taso daga aiki na zauna na ba ki amsa a tsanake, don wannan ruwan na shige shi har sau biyu. Kin ce shekararku biyu da komawa Texas, yaronki ya cika 16, ya hana ki sakat wai duk abokansa suna da mota. Kina son sanin yaushe ya dace a ba shi, wa ya kamata ya biya, kuma ko ba sangarta yaro ba ne. Ni a Houston nake, yarana uku, biyu sun riga sun fara tuƙi. Abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Da farko ki sauke tunanin gida daga kanki, ko da na ɗan lokaci ne. A gida mota alamar girma ce, sai mutum ya kama aiki, wani ma sai ya yi aure ya tara iyali sannan ya mallaka, kuma doka ba ta ba da lasisi sai an kai 18. Lokacin da babban yarona ya fara wannan magana, babansa cewa ya yi, "Ni da na sayi motata ta farko ina da 'ya'ya biyu, kai ko gemu ba ka yi ba." Gaskiya ya faɗa, sai dai Zariya daban, Houston daban. A nan babu ɗan acaɓa, babu Keke Napep a bakin layi, bas ɗin gari kuma ba ta shigowa yawancin unguwannin da muke zaune. Motar makaranta tana kai yaro ta dawo da shi, amma in ya tsaya ƙwallo ko darasin yamma, ta tafi ta bar shi. To ke ce direba. Na yi shekara guda ina fitowa daga aikin dare, in kai wannan, in ɗauko wancan, in kai su islamiyya ranar Asabar, har wata rana barci ya fizge ni a gaban danja sai hon ɗin na bayana ya tashe ni. Daga ranar na daina ɗaukar maganar a matsayin gata.

Sai dai abu biyu ne yaron yake haɗa miki wuri guda, ke kuma ki raba su. Lasisi daban, mallakar mota daban. Lasisin kam ki bar shi ya nema yanzu, kada ki ja lokaci. Dalilina shi ne, muddin bai kai 18 ba, dokar Texas tana tare da ke. Yaro yana iya karɓar takardar koyon tuƙi tun yana 15, kuma dole ya riƙe ta wata shida yana tuƙi da babba mai lasisi, wanda ya kai 21, zaune a kujerar gaba. Ga karatun aji, ga tuƙi da malami, ga awa 30 na gwaji da iyaye, goma daga ciki da dare. Sai ya kawo takarda daga makarantarsu mai nuna yana zuwa aji. In ya ci jarrabawar titi a ba shi lasisin wucin gadi, shi ma da sharuɗɗa: ba tuƙi daga 12 na dare zuwa 5 na asuba sai don aiki ko harkar makaranta ko lalura, ba ɗaukar fasinja fiye da ɗaya ɗan ƙasa da 21 in ba ɗan gida ba, ba taɓa waya. Kuma ke za ki sa hannu a takardar neman, kina da ikon janye sa hannun a soke lasisin. Wannan na ƙarshen ban taɓa amfani da shi ba, amma na tabbatar yarana sun san yana nan. In kika hana shi har ya kai 18, zai je da ƙafarsa ya karɓa, duk waɗannan sharuɗɗan ba su hau kansa ba, ke kuma ba ki da ta cewa. Ice tun yana ɗanye.

Awa 30 ɗin nan kada ki cike takarda kawai ki sa hannu, na san ana yi. Mu a filin fakin na masallaci muka fara bayan sallar asuba ranar Lahadi, sai cikin unguwa, sai hanyar Westheimer da cunkosonta, sai a ƙarshe babbar hanyar Katy Freeway, inda na riƙe ƙofa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. A nan za ki san halin ɗanki fiye da yadda kika san shi a falo. Za ki ga ko mai fushi ne in an sha gabansa, ko mai son a gan shi ne, ko mai tsoro. Nawa babban ba ya tsoron komai, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Yanzu ga inda na yi kuskure. A 2019 ya samu lasisi, muka ce bari a nema masa 'yar ƙaramar mota mai araha. Muka ga wata a intanet, wani mutum ke sayarwa da kansa, fes da ita kamar ba a taɓa shiga ba, dala 3,800. Muka je da yamma, babansa ya zaga da ita unguwa, muka biya a take don kada wani ya riga mu. Ba a yi wata biyu ba fitilun gaban direba suka fara kunna kansu, gilas ya ƙi sauka, in an kunna na'urar sanyi sai wani warin ruma ya cika motar. Bakanike ya ɗaga kafet ya nuna mana busasshen laka da tsatsa a ƙarƙashin kujera. Ashe tana cikin motocin da ambaliyar guguwar Harvey ta 2017 ta shanye, aka busar aka goge aka sa a kasuwa. Muka sayar da ita a ƙasa da rabin kuɗinta, bayan mun gaya wa mai sayen gaskiyar abin da ke jikinta. Araha dai ba ta ado. Abin haushin shi ne da 'yan daloli kaɗan da mun kauce wa wannan: kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da lambobi 17, a sa ta a Carfax, shafin intanet mai tattara bayanan motoci, a ga tarihinta, sannan a kai wa bakanike ya ɗaga ta ya duba kafin a biya. Duk mai motar da ya ƙi yarda a kai ta gareji, ki juya ki yi tafiyarki.

Bayan wannan asara sai muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko. Babansa yana da Camry ƙirar 2012 da ya daɗe yana hawa, mun san ciwonta mun san maganinta. Shi ya sauya mota, yaron ya gaji tsohuwar. In kika duba da kyau, yawancin abokan ɗanki da yake cewa "suna da mota" haka suka samu, tsohuwar motar uwa ce ko ta kaka. Masu zuwa makaranta da sabuwa dal ba su da yawa, su ne dai aka fi gani. Kuma shekarar 2012 ɗin tana da muhimmanci, don daga ita ne doka ta wajabta wa duk sabbin motoci a Amurka na'urar da ke hana mota zamewa ta juya in an karya kwana da gudu. Ni dai ba zan sa sabon direba a motar da ba ta da ita ba. Haka nan ba na son ƙaramar mota sosai, ba na son mai ƙarfin inji, ba na son katafariyar akori-kura irin wadda samarin Texas ke mutuwar so. Matsakaiciya, mai ƙofa huɗu, wadda ba ta burge kowa. Cibiyar IIHS, mai binciken haɗurran mota, da mujallar Consumer Reports suna fitar da jerin motoci na hannu da suka dace da matasa, ki nema ki duba kafin ki je gun dillali.

Amma kafin duk wannan, ki kira kamfanin inshorarku. Wannan shi ne abin da ba wanda ya gaya mini. Kuɗin mota sau ɗaya ake biya, inshora kuwa kowane wata. Ranar da aka ƙara sunan yaron a takardarmu, kuɗin ya kusa ninkawa, na ɗauka kuskure ne har na sake kira. Ba kuskure ba ne. Ga kowace tafiyar mil, direba ɗan 16 zuwa 19 ya fi wanda ya haura 20 shiga haɗarin da ake rasa rai da kusan ninki uku, kuma kuɗin inshorar samari ya fi na 'yan mata tsada. Akwai ragi in yaro yana da maki mai kyau a makaranta, yawanci B zuwa sama, sai kin tambaya, ki tura musu sakamakonsa. Wani abin kuma, mafi ƙarancin inshorar da Texas ta yarda da shi dala 30,000 ne ga mutum ɗaya da aka raunata, 60,000 ga haɗari guda, 25,000 na ɓarnar dukiya. Ki kalli motocin da ke titin Houston ki gaya mini nawa ne dala 25,000 za ta saya. In yaro ya daki mai tsada, ragowar a wuyanku take. Mu mun ɗaga namu sama da haka sosai. Kada kuma wani ya ba ki shawarar ɓoye wa kamfani cewa akwai yaro mai lasisi a gida, ranar da abu ya faru sai su nemi zame jiki.

Maganar wa zai biya, ga yadda muka tsara. Takardun mota da sunan babansa suke, ba da sunan yaron ba. Mun gaya masa ɓaro-ɓaro cewa motar gida ce, aro aka ba shi, makulli yana kwana a ƙusa a kicin. Mu ke biyan inshora da manyan gyare-gyare. Shi ke zuba mai, shi ke biyan juyen baƙin mai, tara kuma in ya jawo ta shi kaɗai. Ya kama aiki a wani kantin kayan abinci, yana jera kaya da yamma da ƙarshen mako. Abin dariya, yaron da a da yake cewa in kai shi can in dawo da shi nan, da man ya koma aljihunsa sai ya fara lissafin hanya kamar direban tasha. Bashin mota kuwa ban ba da shawara ba. Yaro ɗan ƙasa da 18 ba ya iya ƙulla yarjejeniyar bashi shi kaɗai, ke za ki ɗauka, ga kuɗin ruwa da muke gudu, ga shi mai ba da bashin zai tilasta cikakkiyar inshora mai tsada. Ki sayi abin da kuɗin hannunki ya kai, ki ware wani abu na haraji, don Texas tana karɓar kashi 6.25 cikin ɗari, da na taya da birki, don mota ta hannu ba ta rasa buƙatar ɗayansu.

Duk da haka sai da ya gwada mu. Wata huɗu da karɓar makulli ya kwashi abokansa uku daga makaranta, suna ta surutu, ya bugi bayan wata mota a danja. Alhamdulillahi ba wanda ya ji ciwo, bamba ce da fitila. Amma ya karya sharaɗin fasinja. Babansa bai ɗaga murya ba, ya miƙa hannu kawai ya karɓi makulli. Wata biyu yana shiga motar makaranta tare da 'yan aji tara, ga shi ɗan ajin ƙarshe, kuma kason da inshora ta bar mana na gyara daga albashinsa ya fita. Da motar da sunansa take, ko da kuɗinsa ya saya, da wannan horon bai yiwu cikin sauƙi haka ba.

Ƙanwarsa kuwa wani labari ne. Lokacinta ya faɗo a 2021 zuwa 2022, sa'ad da ƙarancin kayan lantarkin mota ya sa farashin na hannu ya yi tashin gwauron zabo. Ba mu saya ba. Ta yi lasisi tana 16 da rabi, tana ɗaukar tawa in ina barcin rana bayan aikin dare, ta kai ƙanenta islamiyya ta yi mini cefane. Wasu 'yan'uwa sun yi ta magana wai ya za a bar 'ya mace ta riƙa fita da mota ita kaɗai. Ni kuwa na fi samun natsuwa tana riƙe da sitiyari da kanta, wayarta na nuna mini inda take, a kan ta tsaya a bakin titi tana jiran wani ya rage mata hanya. Sai da za ta shiga jami'a tana 18 muka haɗa abin da ta tara da namu ta samu tata, kuma har yau ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Don haka in ni ce ke, Hajiya, zan sa shi a makarantar tuƙi wannan watan, in yi awa 30 ɗin nan da shi da gaske, in ya samu lasisi ya yi wata shida ko shekara yana aron taki, ke kuma kina lura. In kin ga yana dawowa a kan lokaci, karatu bai faɗi ba, sallah ba ta wuce shi a yawo, kuma akwai inda yake zuwa da ke buƙatar mota, aiki ko darasi, to wajen 17 sai a yi maganar wadda za a ware masa. Da ya sake ce miki duk abokansa suna da ita, ki ce ya tambayo miki uku daga cikinsu sunan wa ke kan takarda da kuma wa ke biyan inshora. Autana yanzu yana 14, ya riga ya fara zagaya Camry ɗin nan yana duba tayoyinta. Allah Ya tsare mana su, Ya shirya mana zuri'a.